Hoton Dajin Kaka: Me Za a Bari, Me Za a Yanke?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Toronto. A farkon watan Oktoba abokai suka kai ni gandun dajin Algonkwin don in ga yadda ganyaye ke rinewa. Abin da idona ya gani ban taɓa ganin irinsa ba, amma da na buɗe hotunan a kwamfuta sai na tarar da cunkoson rassa, sama ya yi fari, launi ya dushe. Ga wanda ya fi dama-dama nan na turo. Kyamarata mai megafiksel 24 ce, da lensin 18-55. Yaya zan yanke shi ya gyaru, kuma me zan canza in na koma?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na buɗe hoton a babban allo, na daɗe ina dubansa, kuma akwai hoto mai kyau a cikinsa. Kewaye shi ne aka yi da kayan da ba nasa ba.

Bari in faɗa maka abin da na gani. Wata siririyar hanya ta taso daga ƙasa ta ɓangaren dama, ta karkata hagu, ta shige duhuwa. A bakinta, hagu da tsakiya kaɗan, ga bishiyar mapul guda ta yi ja wur, irin wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada. A bayanta akwai itatuwa masu duhun kore, waɗanda ba sa zubar da ganye. Can ƙarshen dama wata bishiya ce ta yi ruwan ɗorawa, rabinta a ciki rabinta a waje. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na saman hoton farin sararin sama ne fat, rassa sun tsattsaga shi. A kusurwar hagu ta ƙasa kuma wani busasshen reshe ya leƙo, fari, kamar ƙashi.

Ranar da kake tsaye a wurin ba ka ga wannan reshen ba, na tabbata. Ido yana da zaɓe: abin da zuciya ta so shi yake kamawa, sauran ya watsar. Ga sanyi a fuskarka, ga ƙanshin jiƙaƙƙen ganye, ga idanu biyu suna raba maka na kusa da na nesa. Kyamara ido ɗaya gare ta, kuma ba ta da son zuciya. Duk abin da ya faɗo gabanta sai ta kwashe, ta shimfiɗa shi a faifai guda. Shi ya sa a duk aikin ɗaukar hoto na fi jin wahalar daji. Dutse yana da siffa, kogi yana da layi, fuskar mutum tana da idanun da za a bi. Daji kuwa ba wanda ya jera maka shi.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, tambayi kanka: mene ne ya tsayar da ni a nan har na ɗaga kyamara? Amsar ta zama kalma biyu ko uku. In ka ce "komai da komai", ba ka amsa ba. A wannan hoton ina ganin jar mapul ɗin nan ce da duhun koren da ke bayanta. Mai ruwan ɗorawar ita ma kyakkyawa ce, na sani, kuma don ita ka buɗe lensin har milimita 18, inda ya fi kwaso fili, ka haɗo su. Amma taura biyu ba sa taunuwa. Ido yana zuwa kan ja, rawaya ta fizge shi, ya komo, ya rasa wurin zama. Ita rawayar a bar ta, ranar wani hoton ce.

Sai batun sama. Idon mai kallo wuri mafi haske yake fara zuwa, ko yana so ko ba ya so. A hotonka mafi haske shi ne farin saman nan, kuma babu komai a cikinsa, ko gajimare mai siffa babu. Ka ga ke nan kallon farko ya tafi a banza. Bayan haka farin yana kashe launi: ja kusa da fari fat sai ya koma kamar ruwan ƙasa, amma ja kusa da duhun kore sai ya kama kamar garwashi. Sa hannunka a allo ka rufe saman yanzu, za ka ga mapul ɗin ta ƙara ja ba tare da ka ƙara mata komai ba. Eliot Porter, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana ɗaukar dazuzzuka da launi tun lokacin da manyan masu hoto ke ganin baƙi da fari ne kawai fasaha, yawancin hotunansa na daji ba sa nuna sama sam, ko kuma ɗan kaɗan. A 1979 gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke Niyok ya baje kolin aikinsa. Nemi hotunansa ka zauna da su, za su buɗe maka ido fiye da dogon bayanina.

To ga yankan da zan yi in nawa ne. Hotonka fiksel 6000 ne a faɗi, 4000 a tsayi. Da farko ka miƙar da shi, don ya ɗan karkata dama, kuma miƙarwa tana cin gefe, shi ya sa ake fara ta. A daji ba a ganin layin da ƙasa ta haɗu da sama, sai ka daidaita da itatuwan tsakiyar hoto, waɗanda ka san a miƙe suke, ban da na gefe da lensi ya tanƙwara. Daga nan ka sauko da saman da kimanin fiksel 1000, har inda farin ya ƙare ya rage 'yan ƙananan huji tsakanin ganye. Tsayi ya koma 3000. Sai ka matso da gefen dama har mai ruwan ɗorawa ta fita gaba ɗaya, ka ɗan matso da hagu har busasshen reshen ya ɓace, faɗi ya tsaya a 3750. Wannan ma'aunin 5:4 ke nan, megafiksel 11 da ɗan ɗori. Ya isa a wanke maka shi a takardar inci 8 da 10, ko A4, tsaf. A wannan yankan hanya za ta shigo daga kusurwar dama ta ƙasa, ta kai ido wurin jar bishiyar, duhun baya ya tare shi ya hana shi fita.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne gefuna huɗun nan. Tsakiyar hoto kowa yana kula da ita, a gefe ne ake gane wanda ya ƙware. Bi layin yankan da ido a hankali, daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar yadda tela ke bin bakin riga kafin ya miƙa wa mai ita. Abu uku nake nema. Na farko gangar bishiyar da layin ya tsaga a tsaye, ya bar wani siririn ɓawo manne da gefe. Wannan yana damun ido ƙwarai. Ko dai ka shigo da bishiyar sosai ka bar mata ɗan fili a bayanta, ko ka fitar da ita duka. In dole ne ka yanke ta, ka yanke da gaba gaɗi, rabi ko fiye, yadda mai kallo zai san da gangan ne. Na biyu ɗigon haske a bakin gefe: hujin sama, farin dutse, ganye guda da rana ta buga. In a tsakiya yake ba laifi, a baki kuwa ƙofa ce da ido zai bi ya fice. Na uku reshen da ya leƙo daga waje ba a ga uwarsa ba, irin naka na kusurwar hagu. Sau da yawa matsar da layi da fiksel 40 ko 50 ya isa ya kawar da ɗayan waɗannan, sai ka ji hoton ya lafa.

Akwai kuma gindin itace. Kan bishiya ana iya yanke shi, ba wanda zai nema, don kowa ya san ta ci gaba sama. Gindi ba haka yake ba. In ka yanke daidai inda take shiga ƙasa, sai ta zama kamar tana reto. Ka bar mata ƙasar da za ta tsaya a kai, balle a kaka da ganyen da ya zuba ya yi mata shimfiɗa mai launi. In kuwa ba ka son ƙasa sam, ka hau sama sosai ka yanke a tsakiyar ganga, hoton ya zama na launi da layuka kawai. Tsaka-tsakin ne ba ya kyau. A hotonka ƙasan ya yi daidai, kada ka taɓa shi.

Game da ma'aunin firam, ka sani cewa 3:2 da kyamararka ke bayarwa gado ne daga fim ɗin milimita 35, mai faɗin 36 da tsayin 24, wanda kyamarar Leica ta Oskar Barnack ta yaɗa tun daga 1925. Ba don daji aka zaɓe shi ba, kuma ba dole ne ka tsaya a kansa ba. Ni a cikin itatuwa na fi komawa 5:4, ko 4:5 in a tsaye ne, ma'aunin tsofaffin manyan kyamarori masu fim ɗin inci 4 da 5. Dalilina, 3:2 a tsaye ya cika tsawo, kullum sai ya jawo maka sama a kai ko ƙasa marar amfani a ƙafa. Murabba'i, wato 1:1, yana dacewa da abu guda mai natsuwa: bishiya ɗaya, ganye a kan jiƙaƙƙen dutse, inuwar launi a ruwa. Dogon yanka mai faɗi, 2:1 ko fiye, na jerin itatuwa ne, kamar fararen siraran nan masu ɓawo kamar takarda in sun yi sahu a bakin tafki. Hotonka ma yana iya ba da 2:1 in ka cire saman kawai, 6000 da 3000, amma rawayar za ta dawo da rigimarta, shi ya sa ban zaɓa ba.

Wurin da hoton zai je shi ma yana da ta cewa. Instagram ya daɗe yana karɓar 4:5 a tsaye, fiksel 1080 da 1350, shafin status na WhatsApp kuwa 9:16 ne. Amma ka fara yanke wa hoton abin da ya dace da shi, ka ajiye wannan a matsayin na asali, sannan ka fitar da wani daban don waya. Kada manhaja ta zaɓa maka. In ka ɗauki hoton kwance ka tilasta masa 9:16, daga faɗin 6000 abin da zai rage 2250 ne, ka zubar da fiye da rabin hoton.

Dokar nan ta raba hoto gida uku-uku, a ɗora abu a mahaɗar layuka, tana da amfani ga mai farawa don tana hana shi dasa komai a tsakiya. Iyakarta ke nan. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ja mai ƙarfi yana da nauyi, ɗan kaɗan daga cikinsa yana iya rinjayar fili babba na kore, saboda haka ka matsa layin har ka ji ɓangarorin biyu sun daidaita. Dabaru biyu nake yi in idona ya gaji. Ina ƙanƙantar da hoton ya koma kamar kan sarki na wasiƙa. In har a wannan girman ana gane abin da yake nufi, yankan ya yi. Ko in juya shi ƙasa ta koma sama, sai ƙwaƙwalwa ta daina cewa "bishiya, hanya", ta ga tabon haske da duhu kawai, nan take wurin da ya yi nauyi zai fito. Sannan ka bar shi ya kwana. Yankan da aka yi da dare cikin ɗoki, safiya kan gyara shi. Ka yi aikin a manhajar da ba ta lalata na asali, irin Lightroom, ko Darktable wadda kyauta ce.

Sai dai yanka yana da iyaka, kuma lissafinsa yana ruɗin mutane. In ka rage rabin faɗi da rabin tsayi, kashi ɗaya cikin huɗu ya rage maka, megafiksel 24 ya koma 6. A hoton fuska wannan kan wuce, amma ganye ƙananan abubuwa ne dubbai, da zarar fiksel ya yi ƙaranci sai su dame kamar fate. Wanke A3 da kyau yana son wajen fiksel 3500 da 4960. Henri Cartier-Bresson, mai ɗaukar hoto Bafaranshe, ya yi suna wajen ƙin yanke hotunansa, har ana wanke su da baƙin bakin fim don a shaida ba a taɓa ba. Duk da haka shahararren hotonsa na 1932, na mutumin da ke tsallake ruwa a bayan tashar jirgin Saint-Lazare a Faris, yankakke ne, don ta tsakanin katako ya ɗauka, katakon ya rufe gefen hagu. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne ka yi iyakar ƙoƙarinka a wurin, abin da ya gagara ka gyara a gida ba tare da jin kunya ba. Ni kaina ina barin ɗan sarari a kowane gefe da gangan, kamar yatsa guda, saboda miƙarwa da kuma bakin firam ɗin katako da ke rufe gefe.

Yanzu in ka koma. Babban canjin da za ka yi shi ne juya lensin zuwa 55. A 18 komai yana shigowa, itatuwa su ƙanƙance, kuma da ka ɗaga kai kaɗan sai su karkata ciki kamar za su faɗo. A 55 kana tsinto yanki guda, launukan kusa da na nesa su matsu su hau kan juna. Mafi yawan hotunan kaka da nake alfahari da su tsakanin milimita 70 da 200 na ɗauke su. Ka nemi tudu ka tsaya, yadda za ka kalli daji daga tsakiyarsa ko daga sama, sai gangaren da ke gaba ya zama bangonka a maimakon sararin sama. A Algonkwin, gefen babbar hanya mai lamba 60 akwai wurare irin wannan da yawa. Kafin ka danna, taka ƙafa biyu hagu, biyu dama, ka dubi yadda gangunan itatuwa ke haɗewa da rabuwa. Itace biyu da suka hau kan juna suka zama dunƙule, babu yankan da zai raba su a kwamfuta. Taku ɗaya ne maganinsu, kuma a wurin ake yin sa. In kana so, yanki kwali ka huda taga 4:5 a tsakiya, ka riƙa leƙawa da ido ɗaya kafin ka fito da kyamara. Har yau akwai irinsa a jakata.

Ranar da ka je, da gajimare ya rufe, rana ce mai kyau, saman ne kawai bai kamata ya shigo ba. Hasken lumshi yana shiga ko'ina a hankali, babu baƙar inuwa babu ƙyalli. Tsakar rana mai zafi ita ce mafi muni a cikin daji, tana yayyanka komai da tabon fari da baƙi. In rana ta fito, ka je da sassafe ko da la'asar sakaliya, ka sa ta a bayan ganyen, haske ya ratso ta cikinsa, sai ka ga kowane ganye ya kama kamar fitila. Wanda ya fi duka shi ne hazon safiya. Ka tuna yadda hazon hunturu a gida ke shafe itatuwan nesa ya bar na kusa su fito sarai? Aikin da raɓar hazo ke yi ke nan a can, tana share maka cunkoson baya kyauta. Bayan yayyafi ma lokaci ne mai albarka, ɓawon itace ya yi duhu, launi ya jiƙa.

In za ka sayi abu guda, sayi filtar da ake kira CPL daidai bakin lensinka. Ganye yana da sheƙi, musamman jiƙaƙƙe, kuma sheƙin nan hasken sama ne yake maidowa, shi ke sa launi ya dushe. Kana murza filtar a hankali za ka ga farin ya janye, jan ya fito daga ƙarƙashi. Wannan babu manhajar da ke iya yin sa daga baya. Tana cin haske dai, har kusan ninki huɗu: inda kyamara za ta ƙifta a 1/250 na daƙiƙa sai ta koma wajen 1/60. Don haka ka ɗora kyamarar a kan mazauninta mai ƙafa uku, ka jira iska ta kwanta, ko ka ɗaga ISO, wato saurin kama haske na kyamara, zuwa 400 ko 800. Buɗewar lensi f/8 ta ishe ka mafi yawan lokaci.

Abu biyu a cikin kyamara. Daidaiton fari (white balance), wato saitin da ke daidaita ɗumi ko sanyin launi, kada ka bar shi ya zaɓi kansa, don in ya ga ja da rawaya sun cika firam sai ya ɗauka kuskure ne, ya zuba shuɗi ya sanyaya su. Wannan na cikin abin da ya dusar da naka. Sa shi a alamar rana ko ta gajimare, kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. Na biyu, ja yana saurin ƙonewa. Jadawalin haske na gama-gari (histogram) da ke allon kyamara zai nuna maka lafiya lau alhali jan ya cika ya tumbatsa, ganye ya zama tabon fenti babu jijiya. Kunna jadawalin mai launi uku ka duba na ja, in ya bugi bangon dama ka rage haske da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki (rage mataki guda shi ne rage rabin haske). A kwamfuta kuma ka yi hattara da ƙara ƙarfin launi. In jijiyoyin ganye suka ɓace, ka wuce gona da iri, koma baya.

Sanin bishiyar ma yana taimakon mai hoto. A gida rani ne ke sa kuka ta zubar da ganye, gawo kuma ya yi nasa akasin, ya tuɓe da damina. A can gajartar yini da sanyi ne. Bishiya tana janye sinadarin kore daga ganye, sai rawaya da ruwan goro da dama suna ciki a ɓoye su bayyana. Ja kuwa sabo ake ƙera shi a lokacin, daga sukarin da ya taru a ganye, shi ya sa yake fin kyau in an samu rana da yini, dare kuma ya yi sanyi ba tare da ƙanƙara ba, kuma ɓangaren bishiyar da ke fuskantar rana ya fi ja. A Algonkwin mapul kan kai ƙololuwa daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, bayanta sai masu rawaya su karɓa, bishiyar tamarak na cikin na ƙarshe, tana yin ruwan zinariya a bakin fadama. Iska mai ƙarfi ta dare ɗaya tana iya kakkaɓe komai. Hukumar gandun dajin Ontariyo tana wallafa rahoton launin ganye a intanet duk kaka, ka riƙa dubawa kafin ka kama hanya.

Toronto tana kudu kuma tana bakin tafki, launinta yakan makara da mako biyu ko uku. Ba sai ka yi tafiyar awa uku ba: kwarin kogin Don da gandun Rouge suna kusa da kai. Ka je da safe ranar da gari ya lumshe, ka zaɓi bishiya guda, ka ba ta rabin awa, lensi a 55, kada sama ya shigo ko sau ɗaya. Ka turo min guda uku daga ciki yadda suka fito daga kyamara, tare da yankan da ka yi wa kowanne, da wannan na Algonkwin a 5:4, mu duba gefunan tare.